Yadda Ake Bin Diddigin Lambar Matsalar Wuta a Hannun Ƙofar Mota

A motocin da ake tayarwa da danna maɓalli, hannun ƙofa na waje yana ɗauke da kayan lantarki har guda uku. Akwai eriya mai kiran makullin da ke aljihun direba, akwai sensa a bayan hannun wadda ke jin shigar yatsu ta ba da umarnin buɗewa, sannan akwai ɗan baƙin maɓalli na roba domin kullewa, wanda a sababbin motoci aka maye gurbinsa da wata sensar. Eriyar tana aika kiranta a kan kilohaz 125 a yawancin kamfanoni, ko 134.2 a motocin Toyota, kuma kiran ba ya wuce kimanin mita ɗaya daga jikin ƙofa. Makulli yakan amsa a kan megahaz 315 idan motar 'yar Amurka ce, ko 433 idan ta Turai ce. Duk wannan hira tana bi ne ta wasu siraran wayoyi da suka tashi daga hannun, suka sauka cikin ƙofa, suka ratsa ta robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, har suka isa wata ƙaramar kwamfuta da ke ɓoye a bayan dashbod. Ranar da hanyar ta katse, mai mota zai kama hannun ƙofa ya ji shiru, alhali rimot yana buɗewa da kullewa lafiya lau.

Abin da aka saba yi a gareji shi ne a jona na'urar gwaji, a ga lambar matsala da kwamfutar ta rubuta mai ambaton ƙofar direba, nan take a tura yaro Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo wani hannun. A nan ne kuɗin mutane ke salwanta, domin lambar tana magana ne a kan layin gaba ɗayansa, tun daga bakin soket ɗin kwamfutar har cikin hannun, kuma kwamfutar ba ta da idon da za ta ga a wane wuri ne layin ya ɓaci. Aikin mai wayarin shi ne ya kasa layin gida uku, wato hannun da kansa, wayoyi da soket-soket ɗinsu, da kuma kwamfutar, sannan ya kama mai laifi da awo. Zan yi misali da lambar B27A1 ta Toyota da Lexus saboda yawan motocin a titunanmu, amma da wannan tsari ake bin kowace mota.

Kayan aikin ba su da yawa: na'urar gwaji mai iya shiga kwamfutocin jikin mota, mita mai auna folt da om (ma'aunin yadda waya ke tare wucewar wuta), zanen wayarin na ainihin samfurin motar da shekararta, kayan roba na ɓalle murfin ƙofa, sukundireba mai kan tauraro lamba T30, da ƙwan fitila ɗan wat 5 mai wayoyi biyu.

Mataki na farko: ka ga matsalar da idonka

Kafin ka taɓa ko da noti ɗaya, ka tambayi mai motar yaushe abin ya fara. Idan ya ce bayan an dawo da ita daga wurin mai gyaran bodi ko mai fenti ne, to ka riga ka sami rabin amsa, domin sau da yawa ana mayar da hannun a manta ba a jona soket ɗinsa ba, ko a danne wayarsa da ƙarfe. Idan ya ce da damina ne abin ke tashi, ko bayan wankin mota, ka sa ran ruwa a soket. Idan kuma ya ce wani lokaci tana yi wani lokaci tana ƙi, musamman idan an wangale ƙofar, hankalinka ya tafi kan wayar da ke lanƙwasa a maɗaurin ƙofa.

Daga nan ka kulle motar, ka sa makulli a aljihu, ka gwada kowace ƙofa mai wannan tsari da kuma but, kana lura da abu biyu daban-daban, buɗewa da kullewa. Ƙofa ɗaya ce ta mutu, sauran suna aiki? Matsalar tana cikin layin wannan ƙofar. Tana kullewa amma ba ta buɗewa? Eriyar lafiyarta ƙalau, tunda sai da ta ga makulli kafin ta yarda ta kulle, sai ka nemi laifin a sensar buɗewa ko wayarta. Duka ƙofofin ne suka yi shiru? To hannu ɗaya ba zai jawo haka ba, sai ka koma kan makulli, fiyus, ko kwamfutar.

Akwai kuma halayen da aka gina motar da su waɗanda ake ɗauka lalacewa ce. Motar Toyota da ta yi kwana 14 ko fiye ba a taɓa ta ba tana kashe eriyoyin sauran ƙofofi don tattalin batir, ta bar ta direba kaɗai. Safar hannu mai kauri tana hana sensa ji. Kwalliyar ƙarfe mai ƙyalli da ake liƙa wa hannayen ƙofa ita ma tana toshe sensar, kuma na sha ganin an ɓalle ta an yar matsala ta wuce. Makullin da aka ajiye manne da wayar salula yakan kasa jin kiran eriya. Har ila yau ana iya kashe tsarin baki ɗaya daga saitin motar, don haka ka duba ko wani ya taɓa shi.

Mataki na biyu: batura biyu da fiyus

Ka auna batirin mota injin yana kashe. Cikakke yana nuna folt 12.6, idan kuma ya sauka zuwa 12.0 ko ƙasa da haka, ka yi masa caji tukuna, domin raunin batir yana sa kwamfutoci su rubuta lambobin ƙarya. Injin yana aiki ya kamata ka ga tsakanin 13.5 da 14.7. Batirin makulli, wanda yawanci CR2032 ne ko CR1632, na folt 3 ne; idan ya yi ƙasa ka sauya shi, kuma ka gwada da makulli na biyu in akwai. Fiyus ɗin da ke ciyar da kwamfutar, irin mai rubutun ECU-B a Toyota, ka auna shi da mita a kan ƙafafunsa biyu maimakon ka dogara da kallo.

Mataki na uku: karanta lambar yadda ya kamata

Soket ɗin gwaji mai rami 16 yana ƙarƙashin dashbod ta ɓangaren direba, kuma tun 1996 dokar Amurka ta wajabta shi a kan ƙananan motoci. Sai dai abin da dokar ta tilasta wa kamfanoni su bayyana shi ne lambobin injin da hayaƙi, masu farawa da harafin P. Lambobin jikin mota suna farawa da B, na ƙafafu da birki da C, na sadarwa tsakanin kwamfutoci kuma da U. Wannan ne ya sa 'yar na'urar nan mai arha ta ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu takan ce babu wata matsala alhali lambar tana zaune a ciki. Kana buƙatar manhajar gwaji ta Toyota mai suna Techstream, ko na'ura irin ta Launch ko Autel mai shiga kowace kwamfuta.

Ka sa ta duba motar gaba ɗaya, ka rubuta duk abin da ta kawo a takarda ko ka ɗauki hotonsa kafin ka goge komai. Idan akwai lambar U tare da ta B, ka fara da ta U, domin kwamfutar da ba ta magana da 'yan'uwanta ba za a amince da shaidarta ba. Sannan ka lura cewa duk lambar da ta fara da B1 ko B2 ma'anarta ta kamfanin da ya ƙera motar ce, ba ta gama-gari ba ce, saboda haka lamba ɗaya tana iya nufin wani abu a Toyota ta nufi wani abu daban a Ford ko Honda. Wanda ya rubuta lambar ita kaɗai a intanet ya ɗauki fassarar farko da ya gani, yana iya shafe yini yana tonon ƙofar da ba ta da laifi. A Toyota, B27A1 tana nufin yankewa a layin eriyar ƙofar direba, B27A2 kuma ita ce takwararta ta ƙofar fasinjan gaba.

Sababbin motoci da yawa suna ƙara alƙaluma biyu a ƙarshen lamba masu faɗin irin lalacewar, kuma sanin su yana rage wahala ƙwarai. Lamba 11 tana nufin waya ta taɓa jikin mota, 12 ta haɗu da waya mai wuta, 13 ta yanke, 14 ko dai ta taɓa jiki ko ta yanke, 15 kuma ko ta haɗu da wuta ko ta yanke.

Bayan ka rubuta, ka goge lambobin, ka kashe motar, ka kulle ta, ka sake gwada hannun, sannan ka sake karantawa. Lambar da ta dawo nan take tana nuna lalacewa ce tabbatacciya, kuma ita ce mafi sauƙin kamawa. Wadda ba ta dawo ba sai an buɗe ƙofa an rufe sau da yawa, tana nuna waya ce da ta kusa rabuwa.

Mataki na huɗu: ka sa motar ta yi maka bayani kafin ka kwance ta

A cikin na'urar gwaji akwai shafin da ke nuna halin kowace sensa kai tsaye. Ka nemo layin sensar buɗewa da na kullewa na ƙofar da ake zargi, ka sa wani ya taɓa hannun kana kallo. Idan rubutun ya sauya da taɓawa, sensar da wayarta sun fita daga zargi. Eriya kuwa, makullin da kansa zai ba ka labarinta: makullan Toyota suna da 'yar jar fitila da ke ƙiftawa idan sun ji kiran mota. Ka kulle motar, ka matso da makulli kusa da hannun fasinja ka ga ƙiftawar, sannan ka zagayo na direba. Idan can ya ƙifta nan bai ƙifta ba, ka tabbatar da abin da lambar ta faɗa da wata shaida ta biyu.

Mataki na biyar: robar maɗaurin ƙofa

Da za a ce in zaɓi wuri ɗaya a duk layin, nan zan zaɓa. Ƙofar direba ita ce aka fi buɗewa a mota, kuma duk buɗewa ɗaya wayoyin da ke cikin robar nan mai kama da maƙogwaro suna lanƙwashewa su miƙe. A motar da ta yi shekara goma a ƙasar sanyi kafin ta sauka Kwatano ko Legas, sannan ta zo ta haɗu da zafin rana da ƙurar hunturu, rigar wayar tana bushewa ta tsage, zaren jan ƙarfen kuma su yi ta karyewa ɗaya bayan ɗaya.

Ka wangale ƙofar, ka zare bakin robar daga jikin mota da kuma daga ƙofar, ka tattare ta gefe guda, ka haska da tocila. Wani lokaci za ka ga wayar a rabe biyu ƙuru-ƙuru. Wani lokacin kuma rigarta sumul take, amma ciki ya riga ya tsinke, kuma hanyar gane wannan ita ce ka kama kowace waya da yatsu biyu ta kowane gefe ka ja a hankali. Lafiyayyar waya ba ta miƙewa. Wadda cikinta ya yanke za ka ji tana biyo ka kamar roba, har ka ga wurin ya sirance ya yi fari-fari. Idan ka sami ɗaya ta karye, ka duba maƙwabtanta da kyau, domin tare suka sha wahalar, kuma galibi za ka tarar mai motar yana da wani ƙorafin na gilashi ko madubi ko sifika da bai ambata ba.

Mataki na shida: buɗe ƙofar

Ka sauke gilashin wata ƙofar daban, kada motar ta kulle kanta da makulli a ciki, amma gilashin ƙofar da za ka yi aiki a kanta ka ɗaga shi sama har ƙarshe, in ba haka ba zai tare maka hanya. Ka cire kan batir na negatif ka jira aƙalla daƙiƙa 90, saboda wasu motoci suna da sensar jakar iska a cikin ƙofa. Duk soket mai launin rawaya na jakar iska ne, kada mitarka ta kusance shi.

Ka kwance sukurorin da ke ɓoye a bayan mabuɗin ciki da ƙarƙashin madogarar hannu, ka ɓalle murfin daga ƙasa zuwa sama, ka zare soket ɗin maɓallan gilashi. Ledar da ke manne da ƙarfen ƙofa ka ɓare ta a hankali, kada ka yaga, domin ita ce ke hana ruwan da ke gangarowa ta gefen gilashi shiga ciki. Soket ɗin hannun yana can sama ta baya. Ka zare shi ka duba bakinsa: koren tsatsa alamar ruwa ce, fil (ɗan ƙarfen cikin soket) da ya noƙe baya ko ramin da ya buɗe alamar an taɓa cusa masa bakin mita ne da ƙarfi. Ka bi wayar da ido da hannu ka ga ko tana goga da ƙarfen da gilashi ke hawa da sauka a kansa.

Mataki na bakwai: awo

Yanzu ka zare soket ɗin kwamfutar shi ma, layin ya zama babu komai a ƙarshensa biyu, domin ba a auna om a layin da ke da wuta ko yake jone da kwamfuta. Zanen wayarin ne zai nuna maka ramukan da za ka taɓa. A littattafan gyaran Toyota za ka ga wayoyin eriyar direba da sunayen CLG1 da CG1B ta ɓangaren kwamfutar. Kada ka dogara da launin waya kaɗai, domin yakan sauya bayan kowane soket, kuma yakan bambanta daga shekara zuwa shekara.

Ka fara haɗa bakunan mitar biyu ka ga abin da suke nunawa su kaɗai, misali om 0.2, don ka cire shi daga lissafi. Sannan ka yi awo uku. Daga wannan ƙarshen waya zuwa wancan, dole ya kasance ƙasa da om 1. Daga kowace waya zuwa ƙarfen jikin mota, dole ya kai om 10,000 ko fiye. Tsakanin wayoyin biyu ma haka. Tunda ƙarshen biyu suna nesa da juna, dabara ita ce ka haɗe wayoyin eriyar biyu da guntuwar waya a soket ɗin hannun, ka je wurin kwamfutar ka auna zagayen gaba ɗaya, kana sa wani yana buɗe ƙofar yana rufewa a hankali. Idan alƙaluman mitar suka yi tsalle a wani wuri, ka kama ɓarawonka. Idan zagayen a yanke yake, ka nemi soket ɗin da ke haɗa wayarin ƙofa da na jikin mota, wanda ke bayan murfin roba kusa da ƙafar direba, ka maimaita awon daga nan, sai ka san ko yankewar tana cikin ƙofa ne ko cikin dashbod.

Akwai tarko ɗaya a nan da yake kama har ƙwararru. Mita tana tura wuta 'yar mitsitsiya ce, don haka wayar da zare ɗaya tak ya rage mata za ta nuna ƙasa da om 1 kamar sabuwa. Maganin wannan shi ne ka ɗora mata kaya: ƙarshenta biyu suna zare, ka ba ta wutar batir ta hanyar fiyus daga gefe guda, ka sa ƙwan nan ɗan wat 5 a ɗaya gefen zuwa negatif ɗin batirin. Ƙwan zai ja kusan amfiya 0.4. Idan ya haska sosai kuma bai ƙifta ba kana murɗa wayar, ta ci jarrabawa. Amma kada ka taɓa yin wannan gwaji kwamfutar tana jone, kuma kada ka soki rigar waya da allura, domin ramin da ka bari shi ne ƙofar tsatsar baɗi. Idan lambar ta nuna haɗuwa da wuta, ka mayar da kan batir, soket biyun suna zare, ka auna folt daga wayar zuwa jiki. Bai kamata ya kai folt 1 ba.

Mataki na takwas: hannun ne ko kwamfutar

Sai wayoyi sun fita da gaskiyarsu ne ake waiwayar hannun. Kada ka yanke masa hukunci da awon om, sai idan littafin motar ya ba da adadi, domin wasu hannayen suna da kayan lantarki a ciki da ke sa mita ta nuna kamar a yanke suke alhali lafiyarsu lau. Gwajin da ya fi inganci shi ne musanya. Idan soket ɗin hannun fasinja iri ɗaya ne da na direba, ka kwance shi ta hanyar sassauta sukurun T30 da ke bayan 'yar robar gefen ƙofa, ka jona shi a layin direba ba tare da ka ɗaura ba, ka mayar da soket ɗin kwamfutar da kan batir, ka goge lambobi, ka gwada. Idan B27A1 ta tafi, hannun direba ne ya mutu. Don tabbatarwa, ka jona wanda ake zargi a ƙofar fasinja ka ga ko B27A2 za ta fito.

A lokacin wannan gwaji dole motar ta ɗauka ƙofofi a rufe suke kafin ta kunna eriyar waje. Ka tura harshen kubar ƙofar da sukundireba har ya kama, ka danne maɓallin fitilar ƙofa da ke jikin ginshiƙi da tef. Ka tuna ka ja hannun ka saki harshen kafin ka rufe ƙofar, in ba haka ba za ka buga ƙarfe da ƙarfe.

Idan waya lafiya, kuma lafiyayyen hannu bai kawar da lambar ba, saura kwamfutar. Ko a nan ma ka fara auna wutar da ke shiga mata da wayarta ta negatif, wadda bai kamata ta ɓatar da fiye da folt 0.1 zuwa 0.2 ba tana aiki. Ita ce ta ƙarshe a zargi saboda ba ta cika lalacewa ba, kuma sauya ta yana nufin sake yi wa makullai rajista, aikin da ya fi duk sauran tsada.

Mataki na tara: gyara da tabbatarwa

Idan waya ce ta yanke a maɗaurin ƙofa, kada ka murɗe bakunan biyu ka naɗa tef a daidai wurin, kuma kada ka liƙe da dalma a nan, domin dalma tana sandarar da waya, sai ta sake karyewa a gefen liƙin cikin 'yan watanni. Ka yanke duk ɓangaren da ke lanƙwasa, ka sa sabuwar waya mai laushi mai kauri ɗaya da ta asali, mahaɗi ɗaya ya faɗa cikin ƙofa, ɗayan cikin jikin mota, ka rufe kowanne da robar da ke tsukewa da zafi. Idan wayoyin eriyar a tufke suka zo kamar igiya, ka mayar da tufkar yadda take. Soket mai tsatsa ka wanke shi da man fesa na lantarki, fil ɗin da ya ci ya lalace kuma ka sauya shi. Idan hannu za ka saya, ka tafi da tsohon ka gwada lambar jikinsa da yawan fil ɗin soket, domin akwai hannayen da suka yi kama sak amma babu komai na lantarki a cikinsu.

Ka mayar da ledar ta manne ko'ina, ka zaunar da bakunan robar maɗauri a ramukansu, ka mayar da kan batir. Wasu motocin sukan manta da hawan gilashi na kai-tsaye bayan cire batir; ka ɗaga gilashin har ƙarshe ka riƙe maɓallin na 'yan daƙiƙu, zai dawo. Daga nan ka goge lambobi, ka gwada buɗewa da kullewa da kowane makulli, ka buɗe ƙofar ka rufe kamar sau ashirin, ka zuba wa hannun ruwa makullin yana nesa da motar, ka zagaya da ita a hanya mai gargada, sannan ka sake jona na'urar ka duba kwamfutocin duka kafin ka miƙa wa mai ita makulli.